Ta Kulle Rijiyar Ubanta

Shalmali na tsugune a ƙofar kicin tana gurza kwakwa, mijinta Kedar kuwa yana kan tabarma da tulin littattafan 'yan ajinsa yana maki. Yana yi yana leƙenta ta saman tabarau.

"Malam, ka duba aikinka mana," in ji ta. "Ko fuskata ka ba yara su zana?"

"Da na ba su da duk sun faɗi. Ni da nake kallonta kullum ma ban gama haddace ta ba."

Ta ɗauki ɓawon kwakwa ta jefe shi, ya goce yana dariya. Shekara huɗu ke nan da aurensu, a ɗaki biyu na haya a Ratnagiri, ba su da komai sai junansu, amma wanda ya gan su sai ya ɗauka jiya aka ɗaura.

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba sunan. Nalini ce, matar yayanta Dhananjay, wadda ba ta taɓa kiranta ba tun ranar da ta bar gida.

"Vahini? Lafiya?" in ji ta, da sunan da suke kiran matar yaya.

Muryar Nalini ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga bayan ƙofa. "Shalmali, ki yi haƙuri. Baba ya rasu jiya da safe."

"Wane Baban?"

"Babanku. An ƙone gawar bisa al'ada tun kafin rana ta faɗi. Dada, yayanki, ya ce kada kowa ya gaya miki, ni ce na kasa riƙewa..."

Wayar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa cikin kwanon kwakwa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna daɓas a ƙasa tana kallon bango, har Kedar ya zo ya riƙe kafaɗunta yana kiran sunanta.

Laifin Shalmali ɗaya ne a wurin danginta: ta auri ɗan masunta. Kedar malamin firamare ne, mai hankali, ba ya sha ba ya faɗa, amma ubansa da kakansa a jirgin kamun kifi suka tsufa, su kuwa gidan ubanta Sadashiv masu gonar mangwaro ne tun kaka da kakanni, masu ji da asali. Shi tsohon bai tsananta ba. Lokacin da maganar ta taso ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riga ya kwantar da shi, ragamar gida ta koma hannun babban ɗa. Dhananjay ne ya jefo mata akwatinta tsakar gida, ya ce daga ranar ba shi da ƙanwa. Duk da haka, kowace kakar mangwaro sai direban motar ƙauyensu ya sauke mata kwali guda a tasha, ba suna ba saƙo. Ta san wanda yake aikowa. Ta yi ta cewa za ta je, za ta je, tana jira zuciyar Dada ta huce.

A ranar suka hau babur zuwa ƙauyensu, Sonkhadi. Dhananjay na zaune a barandar gida cikin 'yan zaman makoki, an aske masa kai ƙwal irin na ɗan mamaci. Da ya hango su sai ya miƙe ya tare bakin ƙofa.

"Ke kya iya shiga ki ga Aai," in ji shi, yana nufin uwarsu. "Wancan ya tsaya a titi. Gidan nan muna cikin tsarki, ba ma son ƙarnin kifi."

Mutane suka sunkuyar da kai. Kedar ya ja da baya ya tsaya gindin bishiyar kwakwa.

"Dada, ubana ne," in ji Shalmali. "Ko kare ne ya mutu a gidan nan ai a gaya mini."

"Ubanki? Ranar da kika zaɓa ai kin zaɓa."

A ɗaki ta tarar da uwarta a ƙuryar gado, goshinta wayam babu jan ɗigon matan aure, an fasa koren warwaron hannunta. Tsohuwar ta rungume ta suka yi kuka mai isarsu. Amma da Shalmali ta fito, hawayen sun bushe, wani abu ya zauna a madadinsu, mai nauyi kamar dutsen niƙa.

Ba a yi wata biyu ba sai ga Dhananjay a Ratnagiri. Bai shiga ɗakinsu ba, a kan matakala ya tsaya, da leda a hannu. Kedar ya kawo masa ruwa a kofi, ya kawar da kai kamar bai gani ba.

"Ga wannan," in ji shi, ya miƙa wa Shalmali ledar. Sari ne, doguwar zanen mata ta alharini, da sarƙar zinariya. "Aai ce ta ce a ba ki. Sai kuma wannan 'yar takarda, ki sa hannu a nan. Za a mayar da sunan gona ne, sun ce sai da hannunki."

Ta karanta a tsaye. Takardar yafe gado ce, irin wadda 'yan mata ke sa wa hannu suna murmushi don kada a rufe musu ƙofar gidan iyaye.

"Ashe kana da ƙanwa," in ji ta a hankali.

"Kada ki ja magana. Wace mace kika taɓa gani a zuriyarmu ta raba gona da namiji? Mace rabonta gidan miji."

"Gawar Baba ba ta isa a kira ni ba, amma gonar Baba ta isa." Ta ninke takardar ta sa masa a aljihun riga da hannunta, ta ajiye ledar a ƙafarsa. "Ka gaida gida, Dada. Sai mun haɗu a kotu."

Ya yi wata dariya. "Da albashin wannan za ki yi shari'a da ni?"

"Ko da sarƙar aurena ce."

Lauyar da ta samu mace ce mai kaifin baki, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce doka ta daɗe da canzawa: a dukiyar kakanni, 'ya mace tana da rabo tun ranar da aka haife ta, daidai da na ɗa namiji, aure ba ya goge shi, fushin yaya ma ba ya goge shi. Gona da gida kashi uku za su tashi, na uwa, na ɗa, na 'ya.

Kedar bai hana ta ba. Shi ne ma yake kai ta kotu a babur, ya ɗauki darasin yamma don kuɗin lauya.

"Haƙƙinki ne," in ji shi. "Wanda ya bar haƙƙinsa don tsoro ba haƙuri ya yi ba. Abu ɗaya nake tsoro, Shalu. Kwanan nan in kina maganar gonar nan ba gonar kike gani ba, fuskar Dada kike gani."

"To me zan gani? Kai ba ka ji zafin abin da ya yi maka ba?"

"Na ji. Amma ban ba shi masauki a cikina ba."

"Ni na ba shi," in ji ta. "Har da shimfiɗa."

Shari'a ta ja, damina ta zo ta wuce har sau uku. Dhananjay ya kawo shaidun ƙarya, ya yi ciwon ƙarya, ya canza lauya. Shalmali ta rame, ta daina jifan mijinta da ɓawon kwakwa, ta daina waƙa in tana wanki. Daga ƙarshe alƙali ya tabbatar mata da kashinta, aka tura ma'aikatan safiyo su auna, aka ce su zauna su daidaita wa zai ɗauki ina.

A nan ta ɗana tarkonta. Gonar hawa-hawa take a jikin tudu. Ƙasa wajen gida nan ne manyan bishiyoyi masu 'ya'ya, sama kuwa fako ne da jan dutse, sai 'yan bishiyoyin kashu da tsohuwar rijiya, wadda daga ita ake jan ruwa da bututu zuwa gida da gona.

"Ni ba na son rigima," in ji ta a gaban kowa, ta yi kalar tausayi. "Dada ya riƙe gida da manyan bishiyoyi, shi da Aai. A ba ni saman tudu kawai."

Lauyarta ta harare ta. Lauyan Dhananjay ya raɗa masa cewa a rubuta rijiya ta kowa ce, amma kwaɗayi ya riga ya rufe masa ido, tsoro yake kada ta farga ta canza magana.

"Bar ta," in ji shi. "Ga famfon gwamnati a ƙofar gida. Ta je ta ci dutse ita da masuncinta."

Ya sa hannu yana murmushi. Ita ma ta sa, tana murmushin da ya fi nasa.

Suka gina ɗan gida a saman tudu, ta sa aka ja katangar jan dutse a kan iyaka. Ba ta taɓa bututun ba. Ta bar shi yana gudu duk lokacin sanyi, mangwaro ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya, 'yan kasuwar Mumbai suka zo suka yi cinikin amfanin tun yana bisa. Sai da zafi ya kankama, famfon gwamnati ya fara tari yana tofar da iska kamar yadda ya saba kowace shekara, sannan ta kira maƙeri. Ya yanke bututu, ya yi wa rijiya murfin ƙarfe, ta sa kwaɗo ta kulle, ta rataya mukullin a wuyanta.

Ba a jima ba Dhananjay ya hawo yana haki.

"Ke! Wa ya taɓa bututun nan?"

"Mai rijiya," in ji ta, tana zaune tana tsintar shinkafa.

"Kin san abin da kika yi? 'Ya'yan nan in ba su sha ruwa ba zubewa za su yi. Na riga na yi alkawari da mutane."

"Ayya. Ga famfon gwamnati a ƙofar gida."

"Rijiyar ubana ce!"

"Ranar da ka zaɓa ai ka zaɓa, Dada."

Ta ɗago ta dube shi sosai, ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Abin da ta yi shekaru tana jira ke nan. Ramuwar gayya, in ji masu magana, ta fi gayya zafi.

Kullum da safe sai ta tsaya a jikin katanga da kofin shayinta tana kallon ƙasa. Ɗanyen mangwaro ya fara zuba, tim, tim, kamar ana jifa. Dhananjay ya sayi ruwan tanka har ya gaji, ya kira masu haƙar burtsatse suka huda dutse suka tarar da ƙura. Ya kai ƙara wurin dattawan gari, suka hawo suka roƙe ta, ta ba su shayi da biskit ta nuna musu inda ya sa hannu. Nalini da 'ya'yanta mata suka koma ɗibar ruwa a rafi, can ƙasan kwari, ta wata doguwar matakalar dutse mai santsi.

Uwarta kaɗai ta tsame. Ta aika a ce mata ta dawo sama da zama, tsohuwar ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, daga nan za a ɗauke ta. Ta aika mata tulu guda cike, aka dawo da shi yadda yake.

"Ta ce a gaya miki," in ji Nalini ta saman katanga, ba ta ko kalle ta ba, "ruwan da jikokinta ba za su sha ba, ita ma ba ta sha."

Kedar ya yi magana tun ranar farko. "Shalu, kin ci shari'a, kin karɓi naki, duk garin nan sun san ke ba abar takawa ba ce. Ya isa. Hana ruwa ba namu ba ne."

"Hana gawa nasu ne?"

"Yaran nan me suka yi miki? Nalini fa, da ta kira ki?"

"Kowa ya zauna inuwar mugu ya sha rana tare da shi."

"To ni ba zan ɓoye miki ba. In kin buɗe kin ɗebi na gida, rabona na wanka da na sha zan kai musu."

Haka ya yi. Da safe ya ɗauki tulu biyu ya sauka har ƙofar gidan. Shalmali na kallo daga sama. Dhananjay ya fito, ya dubi tulunan, ya dubi Kedar, sai ya sa ƙafa ya ture su. Ruwan ya malale a kan takalman Kedar.

"Ko ƙishi zai kashe ni ba na shan abin da hannunka ya taɓa."

Kedar ya sunkuya ya ɗauki tulunansa ya hawo. Washegari ya sake kaiwa, aka sake zubarwa. A rana ta gaba Shalmali ta tare shi a ƙofa.

"Ajiye tulun nan."

"Shalu..."

"Na ce ka ajiye! Ni ina rama maka, kai kana kai kanka ana wanke ƙafa da kai. Wai kai ba ka da zuciya ne?"

"Ba ni kike rama wa ba. Ban taɓa roƙonki ba."

"Ai dama ba za ka roƙa ba. Gaskiyar Dada ne, wanda ya tashi cikin ƙasƙanci ko an ɗaga shi sai ya koma. Jini ba ya ƙarya."

Kalmar na fita ta so ta kamo ta, amma ina. Kedar ya ajiye tulun a hankali. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Shekara bakwai yayanki yana faɗa mini wannan, bai taɓa shiga ba," in ji shi. "Yau ya shiga."

Ya haɗa kayansa a jaka ɗaya. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Ina gidan tsohuwata a bakin teku. Ban rabu da ke ba, ba kuwa zan rabu da ke ba. Amma matar da na aura ba ta nan gidan, in ta dawo ta san inda nake."

Girman kai ya hana ta bin sa. Ta ce a ranta, ya je, zai dawo. Ta ci gaba da tsayuwa a jikin katanga, sai dai yanzu shayin ba ya mata daɗi. Rijiya cike da ruwa, ita kaɗai, ba ta ko iya shan rabin tulu. Ta lura kullum da sassafe ana ajiye jarkoki biyu a bayan gidan Dada, Nalini ta fito a sace ta shigar da su, ta kuma ji ƙarar babur ɗin da ta sani yana komawa. Daga gari yake ɗauko musu kafin ya wuce makaranta. Haushi ya ƙara kama ta, ta ƙara wa rijiyar kwaɗo na biyu.

Wata safiya tana shara sai ta ji kururuwar Nalini daga wajen kwari. Ta yar da tsintsiya ta zagaya da gudu. Daga saman matakalar ta hango su: uwarta kwance a kan dutse, ƙafarta ɗaya a karkace, tulun tagulla ya gangara can ƙasa. Zazzaɓi ne ya kwantar da yaran, jarka biyu ba ta isa ba, tsohuwa ta saci jiki ta tafi rafi.

Dhananjay ya riga ta isa. Ya yi ƙoƙarin ɗaga tsohuwar, ga ƙiba ga hawan jini, ya yi taku biyu ya durƙushe yana numfashi sama-sama. Sai ga Kedar yana saukowa da gudu, ko hular babur bai cire ba.

"Kada ka taɓa ta," in ji Dhananjay, da ragowar muryarsa.

Tsohuwar ta buɗe ido. "Rufe mini baki, Dhanu." Ta miƙa wa Kedar hannu biyu. "Ɗauke ni, ɗana."

Ya ɗaure mata ƙafar da mayafin Nalini, ya tallabe ta a ƙirji kamar jaririya, ya fara hawa. Da ya zo daidai Shalmali bai tsaya ba, ya ce kawai, "Kira mota." Ta bi bayansa tana latsa waya, mukullai biyu suna bugun ƙirjinta.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi mata aiki a asibiti a Ratnagiri, likita ya ce za ta tashi, amma ita da sanda har abada. Da ta farfaɗo ta sa aka kira mata 'ya'yanta biyu, suka tsaya ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba mai kallon wani.

"Shalu," in ji ta, "kin ɗauka ina fushi da kika kai ƙara? Ni ma ina da gonar uba. Na sa wa yayyena hannu don su riƙa zuwa gaishe ni, ko a bikinku ban ga ƙeyarsu ba. Ranar da alƙali ya ba ki naki, sai da na kunna fitila a gaban abin bautarmu, a ɓoye. Na ce yau 'yata ta yi abin da na kasa." Ta numfasa. "Amma kwaɗon nan, Shalu. Kakanku ya haƙa rijiyar nan, ko makiyayi mai wucewa ba a taɓa hana shi ba. Yayanki kika nufa, dubi wanda kika samu."

Shalmali ta kifa kai a gefen gado ta fashe da kuka.

"Kai kuma," tsohuwar ta juya, "gaya mata maganar hankaka."

Dhananjay ya kawar da kai.

"Ko ka faɗa ko ni in faɗa."

Ya juyo ga Shalmali. "Ranar cika kwana goma da rasuwar Baba, muka kai curin shinkafa bakin rafi. Hankaki suka cika bishiya, ba wanda ya sauko. Kin san abin da ake cewa, in hankaka ya ƙi taɓawa, mamaci na da sauran buri. Na yi alkawarin zan riƙe Aai, shiru. Na ce zan kula da gona, shiru. Rana ta take, mutane suna kallona. Sai na matsa kusa na ce, Baba, zan dawo da Shalu gida, ita da mijinta." Muryarsa ta karye. "Ban rufe baki ba hankaka ya sauko."

"Sai ka zo mini da takarda," in ji Shalmali.

"Sai na zo miki da takarda. Sunanki ya yi ta kira daren da zai tafi, ni na ce masa kina hanya. Ban kira ki ba." Ya rufe fuska da tafin hannu. "Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Da kika kulle rijiya har wani sauƙi na ji, na ce ga shi nan, ita ma muguwa ce."

Ta daɗe tana kallonsa. Wannan shi ne mutumin da ta yi shekaru tana son ta ga ya durƙusa, ga shi ya durƙusa, ba ta ji komai ba sai gajiya. Ta ciro mukullan daga wuyanta ta ajiye a kan gadon.

"Ban yafe gonata ba, Dada. Tawa ce."

"Taki ce."

"Rijiya kuwa a rubuta ta kowa ce, har jikokin jikoki. Abin da ka yi mini ranar Baba, ka ba ni lokaci."

Kedar ba ya barandar asibitin da ta fito. Ya biya kuɗin magani ya tafi. Da la'asar ta hau mota zuwa unguwar masunta. Ta same shi a bakin ruwa yana taya wani tsoho ɗinkin koma. Ta tsaya a kansa, duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu.

"Malam," in ji ta da ƙyar, "wata mata ce ta ce a tambaya ko har yanzu ana jiranta."

Bai ɗago ba. "Wace mata?"

"Wata mai baƙin baki. Ta faɗi abin da ko yayanta bai kai ta ba, ga wanda ya fi duk zuriyarta asali." Ta durƙusa a kan yashi za ta taɓa ƙafarsa, ya yi sauri ya riƙe hannuwanta.

"Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. Ka yafe mini?"

"Maganar ta yi zafi, Shalu, ba zan ce miki ba ta yi ba. Amma na san ba daga bakinki ta fito ba, daga ciwon ne." Ya share mata hawaye da babban yatsa. "Kin rame. Wa yake cinye miki abincin, rijiyar?"

Ta yi dariya cikin kuka, karo na farko cikin watanni.

Mangwaron shekarar ya tafi, Dhananjay ya yi asarar da sai da ya sayar da motarsa. Wasu bishiyoyin ba su sake tashi ba. Aai ta dawo gida da sanda, kuma duk sanda Shalmali ta ji ƙwas-ƙwas ɗinta a kan dutse sai ta ji abin ya soke ta. Wannan ba ta da yadda za ta gyara shi.

Bayan bikin fitilu akwai ranar da ɗan'uwa ke zuwa gidan 'yar'uwarsa, ta zagaya fuskarsa da fitila, ya ci abincin hannunta. Shalmali ba ta aika wa kowa ba. Da hantsi sai ga Dhananjay yana hawowa tudu, sanye da fararen kaya, yana riƙe da hannun Aai. A bakin ƙofa ya cire takalmi ya tsaya, ya rasa ta inda zai fara.

Kedar ya fito. Suka dubi juna.

"Hawan nan ya busar mini da maƙogwaro," in ji Dhananjay, idonsa a ƙasa. "Ko zan samu ruwa, surukina?"

Kedar ya shiga ya ɗebo, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya shanye tas, ya miƙa kofin a ƙara masa.

Haƙƙi abin nema ne, mace ko namiji, kada kunya ko tsoro su sa a bar shi. Amma karɓar haƙƙi daban, ramuwa daban. Mai ramuwa yana auna maƙiyinsa ne, sai dutsen ya sauka a kan wanda ya fi so. Dhananjay ya yi girman kai ya rasa amfanin gonarsa, Shalmali ta yi ramuwa ta jawo wa uwarta sanda. Kedar da aka tsayar a titi, aka zubar masa da ruwa a ƙafa, bai rama ba bai kuma fasa alheri ba, shi ne ya wayi gari da mata, da suruka mai kiransa ɗa, da gidan da babu ƙofar da ke rufe a gabansa. Mahaƙurci mawadaci.